Akwati mai kwaɗo uku: amana da asirin mai amsa tambaya

Saƙon yakan faɗo ne bayan sallar isha'i, cikin zauren WhatsApp na malaman wata makaranta ko na wata ƙungiyar raya al'adu. Ana roƙon kowa ya latsa wani adireshin intanet ya amsa tambayoyi ashirin, aikin da ba zai ci minti goma ba. A ƙarƙashi an rubuta da Faransanci mai daɗin ji cewa amsoshin sirri ne, ba wanda zai san mai su. Tambayoyin farko ba su da nauyi: namiji ko mace, shekarun haihuwa, jaha, darasin da ake koyarwa. Can wajen ta goma sai magana ta sake launi. Sau nawa albashi ya yi jinkiri bara? Ko malam ya taɓa karɓar wani abu daga hannun uban ɗalibi? Ko shugaban makaranta yana raba aiki da adalci? A nan yatsa yakan tsaya cak bisa gilashin salula. Waɗansu su rufe shafin, waɗansu su ci gaba suna ba da amsar da ba za ta jawo musu komi ba. Kashi na biyun nan ya fi ɓarna, domin amsar tsoronsu za ta shiga lissafi, gobe a kira ta sakamakon bincike.

Wanda ya tsaya ɗin bai cancanci a kira shi matsoraci ko baƙauye ba. Harshen da ya tashi cikinsa ya koya masa darajar abin da ake nema ya saki. In Bahaushe ya ce Allah ya rufa asiri, abu biyu yake roƙo a baki ɗaya: kada aibinsa ya fito fili, kada kuma rashinsa ya kai inda maƙwabci zai gane. Mai rufin asiri shi ne wanda gidansa ke ci yana sha ba tare da kowa ya san yadda tukunya ta hau murhu ba. Kalma guda ta haɗa mutunci da abin sawa a baka, kuma takardar tambayoyi, ta gwamnati ce ko ta ƙungiyar agaji, daidai wurin nan take taɓawa: nawa ake samu, nawa ake bin mutum, sau nawa aka ci abinci jiya, wa ake tsoro.

Akwai kuma tarihi. A zamanin mulkin mallaka, ƙidaya da lanho tafiyarsu ɗaya. Wanda sunansa ya shiga littafi zai biya kuɗin kai, dabbar da aka ƙirga za a karɓi jangalinta, saurayi mai ƙarfi yana iya tafiya aikin dole har zuwa 1946 da aka soke shi, yaro kuma a kai shi lakkwal ko da iyayensa ba su so ba. Kakannin masu amsa tambayoyin yau sun san dabarun ɓoye yaro da saniya ran da mai littafi ya sauka gari, kuma zuciya ba ta manta darasin ba. Masu binciken Afrobarometer, da ke auna ra'ayin jama'a a ƙasashen Afirka tun 1999, sukan rufe hirarsu da tambayar mutum wa yake jin ya aiko su. A ƙasashe da dama mutane masu yawa sukan ce gwamnati ce, alhali kuwa tun farkon zama an gaya musu ba ita ba ce.

Takarda tana da wata alfarma da ba a cika lura da ita ba. In aka naɗe ta aka jefa cikin kwali tare da ɗari irinta aka girgiza, ta ɓace ke nan cikin ƴan'uwanta, sai fa in rubutun hannu ya tona. Amsar da ta bi ta intanet kuwa ba ta tafiya ita kaɗai. Tana isa da lambar layin da ta fito, da sa'a da mintin da aka aiko ta, da irin salular da aka yi amfani da ita, wani lokaci har da adireshin imel ɗin da mutum ya shiga da shi. Gaskiya ne mafi yawan shafuna a yau suna kulle saƙo kafin ya kama hanya, amma hanyar kaɗai kullewar nan ke tsarewa. Da saƙo ya isa sai a buɗe shi, a ajiye a na'urar wani kamfani cikin ƙasar da mai amsa bai taɓa takawa ba, wanda ya shirya tambayoyin kuma yana iya kwaso shi layi bayan layi ya karanta.

Cire suna ma ba ya warkar da ciwon. A 1997, a jahar Masacuset ta Amurka, wata hukumar inshora ta saki bayanan asibiti na ma'aikatan jaha domin masu bincike, bayan ta goge sunaye da adireshi, gwamna William Weld kuma ya tabbatar wa jama'a cewa asirinsu a rufe yake. Wata ɗalibar ilimin kwamfuta, Latanya Sweeney, ta sayi rajistar masu zaɓe ta birnin da gwamnan yake zaune a kan dalar Amurka 20, ta jera littattafan biyu. Mutum shida ne suka yi ranar haihuwa ɗaya da gwamna, uku cikinsu maza, ɗaya kaɗai ke zaune a unguwarsa. Ta haka ta ciro takardar ciwonsa daga cikin tarin. A 2000 ta lissafa cewa ranar haihuwa da jinsi da lambar gidan waya ta unguwa sun isa su ware kashi 87 cikin 100 na Amurkawa ɗaya bayan ɗaya. Wani mai bincike, Philippe Golle, ya sake lissafin a 2006 ya samu kashi 63. Ko da ƙaramin adadin aka ɗauka, ya fi rabin ƙasa. A sauko da wannan zuwa gunduma guda a jahar Tawa ko ta Damagaram. Mace, mai koyar da falsafa, shekara arba'in da ƴan kai: sau da yawa mutum ɗaya ce tak, kuma duk wanda ke ofishin ilimi ya san ta. Tambayoyi huɗun nan marasa nauyi na farkon takarda sun riga sun rubuta sunanta.

Abin da ya rage wa mai amsa ke nan shi ne alkawarin mai tambaya. A yi adalci, mafi yawan masu yin alkawarin nan da zuciya ɗaya suke yinsa. Sai dai alkawari kaya ne da mai shi kaɗai ke ɗauka, littafi kuwa yakan fi mai shi daɗewa. Mutum ya yi ritaya ko a sake masa wurin aiki, a sace kwamfuta, ƙungiya ta rushe a gaji kayanta, mulki ya sauya hannu. Amurkawa sun amsa ƙidayar 1940 bisa dokar da ta ce bayanansu sirri ne. A watan Maris na 1942, cikin zafin yaƙi, majalisa ta yi wata doka da ta ɗage wannan kariya, ofishin ƙidaya kuma ya ba da bayanin unguwannin da masu asalin Japan ke zaune, a lokacin da ake kwashe kimanin mutum 120,000 daga cikinsu zuwa sansanoni. A 2007 masu bincike biyu, William Seltzer da Margo Anderson, suka nuna da takardu cewa a 1943 har sunaye da adireshin waɗansu aka miƙa. Ma'aikatan da suka zaga gidaje a 1940 ba su yi wa kowa ƙarya ba. Alkawarin ne ya faɗa hannun da bai ɗauke shi ba. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane a 2017, ta kafa hukumar HAPDP domin kula da ita, aka kuma sabunta dokar a 2022. Abu ne mai kyau, ya kamata ƙungiyoyi su san da shi. Amma doka ma alkawari ce, sai dai bakin da ya yi ta ya fi girma.

Daga nan ne tambayar ɗabi'a ke tasowa. Wanda ya nemi mutum ya faɗa masa cikinsa, ya isa ya ce ba zai tona ba, ko kuwa wajibi ne ya shirya aikinsa yadda ko ya so tonawa ba zai iya ba?

Matan karkarar Maraɗi sun amsa irin tambayar nan da hannunsu. A 1991 aka fara ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara a wannan jaha tare da ƙungiyar CARE, tsarin da daga baya ya bazu ƙasashe da yawa. A ƙungiyoyi irin waɗannan kuɗi na zama cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku daban, akwatin kuma yana kwana ɗakin wata ta huɗu wadda ba ta da makulli ko ɗaya. Ba a buɗe shi sai gaban taro. Masanan ilimin kulle saƙo, wanda Turawa ke kira kiriftografi, sun shafe shekara kusan hamsin suna ƙera irin wannan akwati da lissafi, kuma dabarunsu ba su fi ƙarfin fahimtar ɗalibin kwaleji ba in aka tuɓe musu rigar alamomi.

Dabara mafi tsufa ba ta ma buƙatar na'ura. A 1965 wani masanin ƙididdiga, Stanley Warner, ya kawo shawarar a sa sa'a tsakanin mutum da amsarsa. Ga sauƙaƙƙen nau'inta. Ana son a san ɗalibai nawa suka taɓa satar amsa a jarrabawa. Kowa ya jefa dala sama a ɓoye: in ta faɗo ta fuska ɗaya ya ce i ko da bai taɓa yi ba, in ta faɗo ta ɗayar ya faɗi gaskiya. A ɗauka ɗalibai 1,000 ne, 600 suka ce i. Wajen 500 dala ce ta sa su, saura 100 daga cikin ɗaya 500 ɗin su ne masu gaskiyar laifi, wato kashi 20 cikin 100. An san adadin, amma duk wanda aka tsare da cewa ai ka ce i, sai ya ce dala ce. Kamfanin Google ya sa jikar wannan dabara cikin manhajarsa ta Chrome a 2014, salula ko kwamfuta ce ke jefa dalar da kanta kafin ta aika.

Ta biyu ta warware wani ƙulli da kowane shugaban makaranta ya sani. Yana son ɗalibansa kaɗai su amsa, kowa sau ɗaya, don haka dole ya san su; su kuma suna son kada ya san su. David Chaum ya nuna a 1982 cewa buƙatun biyu suna iya zama ɗaki guda. Malaman da suka yi zamanin takardar karbon za su gane misalin nan take. Ɗalibi ya rubuta wata lamba da shi kaɗai ya sani, ya sa ta cikin ambulan tare da karbon, ya manne, ya kawo da katinsa na makaranta. Shugaba ya duba katin, ya soke sunan daga jeri, ya sa hannu a bayan ambulan ba tare da ya buɗe ba. Sa hannun ya ratsa ya hau takardar da ke ciki. Ɗalibi ya koma gida ya yar da ambulan, ya aiko amsarsa tare da takardar mai sa hannu. Shugaba ya tabbata hannunsa ne, ke nan mai amsar ɗan makaranta ne kuma bai amsa sau biyu ba, amma lambar bai taɓa ganinta ba, balle ya haɗa ta da fuska. Lissafi yana yin aikin ambulan da karbon ɗin daidai. A 2014 Susan Hohenberger da abokan aikinta uku suka fitar da wani tsari mai suna Anonize domin tambayoyin intanet, wanda ke cika sharuɗɗan nan biyu, yake kuma ɓoye mai amsa ko da mai rajista da mai tambaya sun haɗa baki.

Ta uku ita ce ƴar'uwar akwatin Maraɗi ta jini. Malami yana da bashin jika 70, ana son a san jimillar bashin malaman gari ba tare da an san na kowa ba. Salularsa ta fasa adadin gida uku ta hanyar sa'a: a ƙara 412, a ɗebe 95, a ɗebe 247. Kowane yanki ya tafi na'urar wata hukuma daban. Wanda ya karɓi 412 bai san komi ba, domin da bashin jika 5 ne ko jika 900, yankin nasa yana iya zama hakan. Kowace hukuma ta tara yankunan da ta samu daga dukkan malamai, ta bayyana jimillarta kaɗai. In aka haɗa jimilla ukun sai bashin gari ya fito daidai, ba ƙari ba ragi. Tushen wannan yana cikin aikin Adi Shamir na 1979 da na Andrew Yao na 1982, kuma ya daɗe da fita daga allo. A watan Janairu na 2008 manoman gwozar sukari kimanin 1,200 a ƙasar Danmak suka yi cinikin haƙƙin noma ta wannan hanya, domin kamfani ɗaya ne tak ke sayen amfaninsu, kuma ba su so ya ga tayin kowa ya gane wanda ke cikin matsi. Na'urori uku suka riƙe yankunan: ta kamfanin, ta ƙungiyar manoma, da ta masu bincike. A birnin Boston kuma kamfanoni sun yi amfani da ita tare da jami'ar garin domin auna bambancin albashin maza da mata ba tare da kowa ya miƙa littafin albashinsa ba. Rahoton 2016, wanda ya shafi ma'aikata sama da 100,000, ya nuna mace tana samun 77 inda namiji ke samun 100.

Akwai masu jin wannan duka da ɗaci, kuma ƙorafinsu ba na banza ba ne. Suna cewa amana hali ce, hali kuwa ba ya girma sai an jarraba shi. Wanda ba zai iya cin amana ba, ba za a ce ya riƙe ta ba, kamar yadda ba a yabon azumin wanda ba shi da abinci. Al'ummar da ta sa kwaɗo a kowace ƙofa tana gaya wa ƴaƴanta cewa kowa ɓarawo ne, kuma in ta daɗe tana faɗa za su yarda. Ciki, in ji su, ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A tarbiyyantar da mai tambaya ya iya riƙe magana, ya fi a ƙera masa takunkumi.

Maganar tana da kyau, amma ta sa mai tambaya a tsakiyar fage, alhali ba shi ne ke cikin haɗari ba. In jarrabawar halinsa ta faɗi, malamar falsafa ce za a tura makarantar da ke bayan gari, shi kuwa ya yi nadama ya ci gaba da aikinsa. Ba daidai ba ne mutum ya gwada ƙarfin halinsa da wuyan wani. Daɗin daɗawa, matan asusu ba don suna zargin mai ajiya da sata suka sa kwaɗo uku ba. Ita ce ma suka fi yarda da ita, shi ya sa akwatin ke kwana ɗakinta. Kwaɗon nata ne kafin ya zama na kowa. Ran da maigida ya matsu ya ce ta ranto masa daga ciki kafin ranar kasuwa, ba sai ta zaɓa tsakanin aurenta da amanarta ba: ta nuna masa akwatin ta ce ba ta da makulli. Haka sakataren ƙungiyar malamai da wani babba ya kira ofis ya ce a nuna masa wanda ya rubuta kaza. In jerin yana hannunsa, sai ya zama jarumi ko maci amana, kuma jarumai ba su da yawa a kowace ƙasa. In tun farko ya hana kansa jerin, ya isa ya faɗi gaskiya. Riƙon amanarsa ya riga ya auku tun ranar da ya zaɓi kada ya mallaki abin da za a iya ƙwata daga hannunsa, kuma zaɓin nan hali ne, yana kuma da tsada, domin mai tambaya yana son sani, don haka ma ya zama mai tambaya.

Sai dai duk wanda ya ce lissafi ya sallami amana ya wuce gona da iri. Ƙaura kawai ta yi. Mace a taron asusu tana ganin kwaɗon da idonta, tana iya jijjiga shi, ta san gidajen masu makulli uku da irin zaman da ke tsakaninsu. Malamin da ke latsa salula ba ya ganin komi. Shafin da ke fasa amsarsa gida uku da wanda ke aika ta tsirara kamarsu ɗaya a gilashi. Dole ya yarda da wanda ya rubuta manhajar, ko da waɗanda suka bincike ta in an buɗe rubutunta ga kowa, dole kuma ya yarda cewa masu riƙe da yankuna uku ba za su zauna su haɗa su ba. In na'urorin uku duk suna ƙarƙashin ofishi guda, an sayi kwaɗo uku ne an rataye makullan a zobe ɗaya. Abin lura a labarin Danmak shi ne masu makullan ba su da buƙata ɗaya: mai saye, masu sayarwa, da baƙon da ba shi da gona. Ƙungiyar da aka kawo wa irin wannan tsari tana da haƙƙin ta tambayi su wa ke riƙe da makullan, wa ke biyansu, da kuma abin da zai hana su haɗa kai. In aka amsa mata da cewa fasaha ce mai zurfi, to ba a amsa ba.

Ita kanta jimilla tana iya yin tsegumi. In malamai uku ne a makarantar ƙauye aka bayyana cewa biyu cikin uku ba su gamsu da shugaba ba, shugaba ba ya buƙatar kwamfuta. Manyan ƙasashe ma sun gamu da haka. Ofishin ƙidayar Amurka ya gwada kansa da alƙaluman da ya buga na 2010, waɗanda babu suna ko ɗaya cikinsu, ya haɗa su da bayanan da ake saye a kasuwa, ya gano mutum miliyon 52 daidai, wato kashi 17 cikin 100 na ƙasar. Don haka a ƙidayar 2020 ya ɗauki hanyar da Cynthia Dwork da abokan aikinta suka shimfiɗa a 2006: a zuba ɗan kuskure da gangan, gwargwadon awo, cikin alƙaluman da za a buga. A babban birni kuskuren ba ya ko motsa ma'auni. A ƙaramin gari yana iya sauya hoto, kuma ƙananan garuruwa da ƙananan al'ummu sun yi kuka, domin da alƙaluman nan ake raba kuɗi da kujeru. Waɗanda suka fi buƙatar a ɓoye su, su ne kuma suka fi buƙatar a ƙirga su daidai, kuma har yau lissafi bai samo hanyar biya musu buƙatun biyu cikakku ba.

Sauran ramukan sun fi kusa da gida. Akwatin nan na ƙarshen takarda, inda ake cewa mutum ya rubuta abin da ke ransa, babu kwaɗon da ke tsare shi: malamin Faransanci da ya shekara yana gyaran takardun aji yana gane ɗalibinsa daga kuskure biyu, kamar yadda uwa ke gane takun ɗanta a zaure. A karkara kuma yawancin tambayoyi ba a amsa su da yatsa. Wani ma'aikaci ne ke zuwa da na'ura ya karanta ya rubuta, ko a kira ta waya, wayar kuma sau da yawa ta maigida ce, yana zaune a gefe. Lissafin Shamir yana fara aiki ne bayan magana ta shiga na'ura. Abin da kunne ya ji a tsakar gida ya riga shi.

Akwai kuma farashin da ya fi waɗannan nauyi, wanda masu sha'awar fasahar ba su cika son a tayar ba. A ɗauka wata lise ta yi komi yadda ya kamata: ambulan mai karbon, makullai a hannu uku, ba wanda zai iya komawa daga amsa zuwa mai ita. Aka tambayi ƴan mata ko wani malami ya taɓa neman su da abin da bai dace ba domin maki. Saboda sun yarda da kwaɗon, suka faɗi abin da ba su taɓa faɗa wa kowa ba, adadin ya fito ya girgiza kwamitin iyaye. Wannan riba ce da alkawarin baka bai taɓa samowa ba. Amma cikin amsoshin akwai guda da ke cewa abin yana faruwa yanzu, cikin makon nan. Shugabar da ta karanta tana da niyya da iko, ba ta da suna, kuma ita da kanta ta shirya yadda ba za ta samu ba. Haka nan in wani ya yi amfani da duhun ya yi wa malami ƙazafi, ba a iya kiransa a ce ya kawo shaida, don haka amsar da ba ta da mai ita tana iya buɗe bincike amma ba ta isa ta yanke wa kowa hukunci ba.

Waɗansu za su ce a bar ƴar ƙofar baya, wadda ba za a buɗe ba sai a irin wannan hali. Ƙofar da shugaba mai tausayi za ta iya buɗewa, wanda zai gaje ta ma zai iya, haka wanda ya kira shi ofis. Ƴan matan kuma da sun san da ita da ba su rubuta komi ba, yarinyar nan ma tana cikinsu. Abin da ya fi kusa da daidai shi ne a faɗa musu tun kafin tambaya ta farko, da Hausa, a aji, cewa wannan takarda ƙirga take yi, ba ta iya kawo wa kowa agaji, sannan a buɗe wata ƙofa daban a fili: malama kaza, ɗaki kaza, ranar kaza, ga mai son a san ta. Yarinyar tana iya zuwa, tana kuma iya ƙin zuwa. In ba ta zo ba, shugaba za ta shiga ajujuwa washegari da adadi a hannu, tana duban fuskoki ɗari uku, ta san ɗaya cikinsu ce, sai ta fara da abin da ke cikin ikonta: jadawalin darussan yamma, ɗakunan da ake rufewa, da malaman da ke kiran ɗaliba ita kaɗai bayan an tashi.